Lambar da Ta Fito Sau Biyu a Magama

Cikin shekaru talatin da ɗoriya da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka tsare motar ragunan Alhaji Isuhu a hanyar Katsina. Wasunku sun ji gutsuren labarin a bakin tsofaffin ma'aikata, amma ba kowa ya san cewa ni ne tushen abin ba. Yau bari ku ji shi daga bakina.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina ba. Ni ƙaramin jami'in kwamfuta ne, mataki na takwas, an tura ni wani ofishin duba lafiyar dabbobi da ke Magama, bakin iyakarmu da Nijar, kusa da garin Jibiya. Shugaban ofishin likitan dabbobi ne, Dakta Lawal. A ƙarƙashinsa akwai mataimakan da ke hawa mota suna duba dabbobi, sai magatakarda biyu a bakin taga: Malam Sabi'u, ɗan garin, da Madam Rifkatu, Kirista 'yar Billiri, wadda ta girme mu duka a aiki.

Tsarin aikin mai sauƙi ne. Mota ta shigo daga wajen Maraɗi da shanu ko raguna, sai likita ya duba bakinsu da ƙofatonsu, in ya gamsu ya rubuta a 'yar takarda ya miƙa wa mai dabbobi. Shi kuma ya kawo taga, magatakarda ya shigar a kwamfuta, kwamfuta ta ba da lamba, firinta ta fitar da takardar shaida, magatakarda ya sa hannu. A gaba, a hanyar Katsina, akwai shingen da ake duba takardar a rubuta lambarta a littafi. Ƙa'idar ita ce lamba ɗaya, mota ɗaya. In an ga lamba ɗaya a takardu biyu, to ɗaya jabu ce, kuma takardar jabu na nufin dabbobi masu cuta sun shigo ƙasa.

Manhajar da ke ba da wannan lamba ni na rubuta ta. Kuma ban rubuta ta da yaren kwamfutar da kowa ke amfani da shi a zamanin ba. A jami'a na yi wani malami da ya yi karatu a Turai, a hannun wani farfesa da ya ƙirƙiro nasa yaren tare da ɗalibansa. Abin alfaharin yaren shi ne yana iya tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda ba tare da sun yi karo ba. Mu kuwa kwamfuta uku gare mu, biyu a taga, ɗaya a teburin Dakta, kuma duka rajista ɗaya suke rubutu a ciki. Yaren yana da wani abu da zan kira sakata. Ku ɗauka rajistar tana cikin ɗaki mai ƙofa ɗaya. Duk kwamfutar da ta shiga ɗaukar lamba sai ta danna sakata, sauran su jira har ta fito. Farfesan ya tabbatar da ingancin wannan sakata da lissafi a rubuce, na karanta, na kuma haddace. Da hedikwata suka ce a yi amfani da tsohon yaren da suka saba, ni na tsaya kai da fata na ce ya tsufa. Ni ne kuma na ba da shawarar a daina ajiye kwafin takardu, a daina tara 'yan takardun likita, tunda komai na cikin kwamfuta. Shekara biyu manhajar na aiki babu ko tangarɗa. Har baƙi ake kawowa daga Katsina in nuna musu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Jibiya ce, saura kwana tara Babbar Sallah. Tun safe layin motocin raguna ya kai inda ido ba ya gani. Bayan la'asar sai ga saƙo daga shinge: an sami motoci biyu da lamba ɗaya. Ta farko ta riga ta wuce, ta biyun an tsare ta. Dakta ya sa na buɗe rajista a gabansa. Motar farko tana nan, da sunan Malam Sabi'u. Ta biyun, wadda Madam Rifkatu ta sa wa hannu, babu ita ko alama.

"Madam, wannan sa hannunki ne?" in ji Dakta, da aka kawo takardar.

"Nawa ne, Yallaɓai. Ni na shigar, ni na buga."

"To ina take a rajista?"

Ta juyo ta dube ni. Dakta ma ya dube ni, ya ce, "Hamisu, kwamfuta za ta iya ba da lamba ɗaya sau biyu?"

Na ce, "Ba zai yiwu ba, Yallaɓai. Akwai sakata."

Wannan amsa tawa ita ta ɗaure ta. Washegari aka ba ta takardar tuhuma, aka dakatar da ita, aka aika hedikwata cewa a turo mai bincike. Ta tattara jakarta da ɗan kwanon abincinta ta fita.

Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, tun a ranar raina bai kwanta ba. Na lura lokacin da ke kan takardar Madam da na motar farko a rajista duk minti ɗaya ne. Mai yin jabu zai saci lambar da ta riga ta fita ne, ta jiya ko ta safe. Ta yaya za ta saci lambar da ake bugawa a tagar kusa da ita a daidai wannan minti? Na ga wannan, na yi shiru. Ina tunanin yadda na yi wa hedikwata gardama, da baƙin da na yi wa bayani, da ƙarin girman da nake jira. Kwana biyu cur ina zuwa ofis ina komawa gida da wannan abu a ƙirjina.

A gari kuwa magana ta canja kama. Ku da ba ku ga zamanin ba, ku sani cewa a shekarun nan ko ƙaramar magana in ta haɗa da sata ko ha'inci sai ta zama babba. A teburin mai shayi aka fara cewa an kama wata ma'aikaciya tana sayar da takardun jabu, kafin azahar an ce za a kai ta kotun shari'a, kafin la'asar har an yanke mata hukuncin hannu. Duk wanda ya san doka ya san ba haka abin yake ba, maganar ta ofis ce, kuma ba a gaban wannan kotun za a kai ta ba. Amma tsoro bai san doka ba. Malam Sabi'u ya gaya mini mijinta ya fara neman motar da za ta kai yaransu gida Billiri, yaran ma sun daina zuwa makaranta.

Rana ta uku Alhaji Isuhu ya zo ofis da kansa. Dattijo ne mutumin Maraɗi, fatauci yake tun kafin a haife ni. An sauke ragunansa a wani fili kusa da shinge, biyu sun riga sun mutu, abokan tafiyarsa kuma sun kusa Legas. Bai sami Dakta ba, sai ya tsaya a kaina, ya kira ni Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, kai ne mai na'urar?"

Na ce ni ne.

"Ni ban san karatunku ba. Na dai san likita ya hau kamyo, babbar motar nan, ya buɗe bakin ragunana, ya ba ni takarda, na kawo ma matar nan, ta buga gabana. Shekara nawa ina wucewa nan, ko goro ba ta taɓa amsa ba gare ni. Mi za ta samu? In akwai maƙaryaci cikin wanga gida, ku tambayi akwatin can."

Ya nuna kwamfutar da sandarsa. Ban iya ɗaga kai na dube shi ba. Yana fita na rubuta takardar neman izini na hau motar Katsina.

A zamanin babu intanet a Jibiya. Sai ka je Katsina, ka sami shagon da ake hayar kwamfuta, ka zauna shafi ɗaya na buɗewa kamar ba zai buɗe ba. Na nemi shafin yaren a jami'ar da aka ƙirƙiro shi. Yana nan, amma labari na ƙarshe da aka sa ya kai shekara uku. Na rubuta wa farfesan imel, nan take ya dawo mini, wai babu mai wannan adireshi. Sai na shiga tsohon dandalin da masu amfani da yaren ke musayar saƙo, ina bi ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙarshe na ga saƙon wata ɗaliba. Ta rubuta cewa sakatar tana da rauni: wani lokaci ayyuka biyu kan iso ƙofa tare, kowanne ya ga sakata a buɗe, duka su shiga, su ɗauki abu ɗaya, na ƙarshen fita ya goge rubutun ɗan'uwansa. Ƙarƙashin saƙon babu amsa ko ɗaya. An rubuta shi ne tun kafin in kafa manhajata a Magama.

Na sake karanta saƙon. Daga nan na rubuta mata, na gaya mata ko ni wane ne, da inda nake, da abin da ya sami abokiyar aikina. Na kwana a gidan yayana a Katsina, da safe na koma shagon, sai ga amsarta. Ta ce ta daɗe da barin jami'a, tana aiki a wani kamfani. Farfesan ya yi ritaya, tallafin binciken ya ƙare, ɗalibai kowa ya kama gabansa, babu wanda ke kula da yaren. Ta ce lissafin farfesa daidai ne, babu kuskure a ciki, kuskuren yana wajen da aka mayar da lissafin ya zama abin da inji ke aiwatarwa, kuma wani ɗalibi ne ya rubuta wannan ɓangare a gurguje. Gyaran da ta shirya na sabuwar fitowar yaren ne, ita kuwa ba ta taɓa fita ba. Sai ta ƙara da maganar da har yau nake jin kunyarta: sun yi yaren ne don su gwada ra'ayi su rubuta kundin digiri, ba ta taɓa zaton akwai mai tsaron iyakar ƙasa da shi ba. Ta ba ni shawarar abin da zan yi na wucin gadi, ta ce in gaida mata matar, in ce ta yi haƙuri.

Na buga saƙonnin biyu a takarda na dawo Magama. Kai tsaye na shiga ofishin Dakta na ajiye masa su.

Ya karanta, ya cire tabarau. "Ka san abin da kake ce mini? Gobe mai bincike za ta zo. In ka faɗi wannan, kanka za a juyo."

Na ce, "Na sani, Yallaɓai."

"Tun yaushe ka fara zargi?"

"Tun ranar farko."

Ya ce, "Wannan ma sai ka faɗa mata da bakinka."

Wadda aka turo Mataimakiyar Darakta ce, Hajiya Binta, mace mai ƙarancin magana. Ta zauna a babban ɗakin, Dakta na gefenta, Madam Rifkatu na kan benci a bakin ƙofa, don wanda aka dakatar ba ya taɓa kayan aiki. Alhaji Isuhu ya leƙo ta taga ya ƙi tafiya. Na yi bayanina duka, har da shirun kwana biyu. Hajiya ta karanta takardun ta ture su gefe.

"Wannan wasiƙa ce daga wadda ban sani ba, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Ba zan rubuta rahoto da ita ba. In injin ya yi sau ɗaya, ya sake yi a gabana."

An tsayar da aiki a tagogi, aka ce masu motoci su dakata. Na zauna a kwamfutar Madam, Malam Sabi'u na kan tasa. Muka shigar da motocin gwaji, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, mu danna tare. Lamba ta fito daban-daban. Muka sake. Daban. Muka yi ta yi har takardun gwaji suka taru a ƙasa. Masu motoci a waje sun soma danna oda. Hajiya ta dubi agogonta sau biyu. Na fara tunanin cewa na tona kaina a banza, kuma matar nan za ta tafi da tabon da ba nata ba.

"Malam Hamisu," in ji Hajiya, "ya isa haka."

Sai Madam Rifkatu ta ɗaga hannu daga kan benci, kamar 'yar makaranta.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini in yi magana. Ranar nan ba haka ɗakin yake ba. Bayan azahar Dakta ya sa tasa kwamfutar ta tattaro masa rahoton rabin yini. Duk lokacin da ake wannan rahoto namu sukan yi nauyi, sai ka danna ka jira. A cikin nauyin nan na buga takardar Alhaji. Na tuna, don har na ce masa ya yi haƙuri injin na jan ƙafa."

Daga taga Alhaji ya ce, "Haka anka yi! Ta ce mani in yi haƙuri."

Ni da na rubuta manhajar ban taɓa sanin tana nauyi a irin wannan lokaci ba, don ban taɓa zama a taga ranar kasuwa ba. Sai da ta faɗa na gane. In injin na cikin walwala, shiga da danna sakata kamar ƙiftawar ido ne, da wuya wani ya kutsa. In ya yi nauyi, tsakanin shiga da danna sakatar yakan yi tsawo.

Hajiya ta yi wa Dakta alama da kai. Ya tashi ya kunna rahoton. Muka jira har allon ya fara jan ƙafa. Na ƙirga, muka danna. Daban. Muka sake. A karo na uku firinta ta fitar da takardu biyu, Malam Sabi'u ya ɗauko su ya kai wa Hajiya ba tare da ya duba ba. Ta jera su a tebur, ta bi lambobin da bakin bironta. Ta ce in buɗe rajista. Mota ɗaya ce a ciki, ɗayar ta ɓace.

Malam Sabi'u ya saki kabbara. Madam Rifkatu ta rufe fuskarta da gefen ɗankwalinta. Ni kuwa ban taɓa murnar ganin aikina ya lalace ba sai ranar.

Hajiya ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Tambaya ɗaya. Abin da ya faru bisa kuskure, mutum zai iya yinsa da gangan?"

Na ce zai iya. Duk mutum biyun da suka gane dabarar za su iya fitar da takarda mai kyau wadda ba ta bar sawu a rajista ba, su shigo da dabbar da likita bai gani ba. Kuma bayanin raunin yana nan a intanet, duk mai nema zai gani.

"Shekara biyu ke nan ƙofarmu a buɗe," in ji ta.

A ranar ta ba da umarni huɗu. A saki ragunan Alhaji, a janye tuhumar Madam a rubuce, a dawo da ajiye kwafin takarda, sannan a ɗauko littafin shinge a gwada shi da rajistarmu tun daga ranar da aka kafa manhajar. Wannan gwaji ya ci mana mako uku, kuma kullum da fargaba nake buɗe shafi. Mun sami 'yan wurare kaɗan da abin ya taɓa faruwa ba a lura ba, duka a ranakun kasuwa, duka kuma motocin fataken da aka sani. Babu alamar wani ya gane ƙofar balle ya bi ta. Ranar da muka rufe shafin ƙarshe Dakta ya sa aka sayo mana tsire.

Na bi shawarar ɗalibar nan, na raba wa kowace kwamfuta jerin lambobinta, don ko sun shiga tare ba za su ɗauki abu ɗaya ba, kuma aka hana fitar da rahoto sai an tashi aiki. Bayan Sallah aka haɗa ni da wani injiniya daga hedikwata muka sake rubuta komai da tsohon yaren da na raina. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Hajiya ta rubuta a rahotonta cewa ba kuskuren manhaja ta hukunta ba, shirun kwana biyu ta hukunta. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Alhaji Isuhu bai kai Legas ba, a Kano ya sayar da ragunansa. Duk da haka, da ya dawo sai da ya tsaya a teburin mai shayi ya ba da labarin da babbar murya, kuma shi ya kashe jita-jitar fiye da takardar ofis.

Ranar Asabar ɗin makon da Hajiya Binta ta zo na je gidan Madam Rifkatu. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, kayan yaran na ɗaure a gefe ba a kwance ba tukuna. Na ba ta haƙuri, na isar da gaisuwar ɗalibar.

Ta ce, "Malam Hamisu, ai na san ka sani tun ranar. Da Dakta ya tambaye ka, bakinka ya ce ba zai yiwu ba, idonka na kan lokacin da aka buga a takardar. Ban ce komai ba, don in ni na faɗa za a ce kare kaina nake. Addu'a na yi ta yi Allah ya ba ka ƙarfin hali."

Mijin ya ce, "Kwana biyu dai ya yi yawa."

Ta ce, "Ya yi yawa. Amma ya zo."

To ga abin da na koya, ku da yanzu kuke zaɓa wa ofisoshi manhaja. Ban raina yaren da jami'o'i ke ƙirƙirowa ba, yawancin abubuwa masu kyau da kuke amfani da su yau daga can suka faro. Amma ɗalibi yakan gama ya tafi, farfesa yakan yi ritaya, ofishin gwamnati kuwa yana nan. Kafin ku ɗora aikin jama'a a kan wani yare, ku bincika: in an gano rauni, wa za a gaya wa, wa zai gyara, kuma zai kasance yana nan bayan shekara goma? Ku gwada manhajarku a ranar da ta fi kowace cunkoso, ku zauna a taga kusa da mai amfani da ita, don ya san halinta fiye da ku. In kuma wata rana maganar inji ta saɓa da ta ma'aikacin da aka sani da gaskiya, aka juyo aka tambaye ku, kada ku ce ba zai yiwu ba. Ku ce a ba ku lokaci ku duba, kuma ku fara dubawa a ranar.